Gurbi na Tara a Takardar Mushe Mahaman

Duk wanda ya zauna a Madarunfa a shekarun da ordinatar, wato kwamfuta, ta fara shigowa biro-biro na gwamnati ya san Mahaman Inusa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai yawo da naɗaɗɗiyar takarda a hammata da bik uku na rubutu a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, wanda in ka gaishe shi sai ya ɗan dakata kafin ya amsa, kamar mai duba ko gaisuwar ta biyo hanyar da ta dace. A wurin aiki Mushe Mahaman ake ce masa, yadda ake kiran duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya samu tebur. A Gabi kuwa, inda aka yanke masa cibiya, ba mai ɗaukar wa kansa wannan wahala. Can Ɗan Baba ne, tun yana rarrafe har furfura ta fara leƙo masa.

Dalilin sunan ba boyayye ba ne. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Hasiya, sannan sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, wato sunan surukinta. Kunya biyu ke nan suka taru a kan suna ɗaya. Tun ranar da aka raɗa shi Hasiya ba ta taɓa furta shi ba, kuma ko a kasuwa ta ji ana ƙwala wa wani Mahaman kira, sai ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallon tsakiyar idonsa. In ta kama dole ta yi zancensa sai ta ce Ɗan Baba, shi ma a ciki-ciki. Amma curin furar da ya fi girma kullum a ƙwaryarsa yake faɗawa, kuma kowa a gidan ya san ba kuskuren hannu ba ne.

Lakwal ma ba don ƙauna aka sa shi ba. Shekarar da aka ce kowace unguwa ta ba da yara, mahaifinsa Inusa ya duba gidansa ya ga wanda rashinsa ba zai rage ko dami ɗaya ba a rumbu. Ɗan Baba in an je gona, kafin ya sunkuya sau ɗaya sai ya tsaya a bakin iyaka ya bayyana wa manya yadda ya kamata a jera layin gero da na wake. Inusa ya miƙa shi da hannu bibbiyu. Yaron ya yi karatu, ya wuce Maraɗi, ya dawo da takardar shaida, aka zaunar da shi biron takardun haihuwa. Shekara goma sha biyu ya yi a can yana fama da takardun da gara ta ci rabi, yana manna wa kowace durowa suna, har durowar da ba komai a ciki ya rubuta mata cewa ba komai a ciki.

Waɗannan durowoyi su suka yi masa hanya. A shekarar 1995 wani furoje, wato shirin tallafi na kiwon lafiya, ya sauka a garin da mota biyu, da injin wuta, da ordinatar guda ɗaya a cikin kwali. Annasarar da ta rako kayan ta shiga biron haihuwa neman wata takarda, ta ga aikin Mahaman, ta tsaya baki buɗe. Wata bai cika ba aka tura shi Yamai horo na wata huɗu. Ya dawo da tabarau, da wani muƙami na Faransanci mai tsawon gaske wanda ko darektan furojen, Abdoul Aziz, sai ya ja numfashi kafin ya ƙarasa shi.

Mutane suka yi ta tambaya ko shi ne zai riƙa gyara injin, wato ordinatar, in ya lalace. Wannan tambaya tana ɓata masa rai ƙwarai. Sai ya gyara tabarau ya ce mai gyara daban, yana Maraɗi da jakar sukundireba. Mai bugawa ma daban, ga ta nan, Balaraba, wadda yatsunta suka fi na kowa sauri a arondisman, wato gundumar gaba ɗaya. Shi aikinsa irin na mutumin da ke jan layi a ƙasa ne kafin magina su ɗora tubali ko ɗaya, ya ce nan ƙofa, nan rumbu, nan makwararar ruwa. Shi ke yanke irin labarin da za a ɗauko daga ƙauye, da wanda zai ɗauko shi, da gurbin da zai shiga a takarda, da abin da inji zai karɓa da wanda zai ƙi. Naɗaɗɗiyar takardar nan ta hammata ita ce gidan gaba ɗaya, akwati-akwati da kibiyoyi, daga bakin mai magana a ƙauyen Safo ko na Sarkin Yamma har tebur ɗin manya a Yamai.

Gaskiya dai a faɗe ta, ko da a kan mutum mai ban haushi ne: Mahaman ya iya aikinsa. Shi ya sa a riƙa kwafe komai a faifan ordinatar biyu kowace Juma'a, ɗaya a akwatin ƙarfe na biro, ɗaya a gidan darekta, don ko gobara ta tashi kada aiki ya tafi. Shi ya raba wa kowa iyakarsa a cikin injin, ta yadda mai bugawa ba ta gogewa, mai gogewa ba ya bugawa. Ya sa aka ɗinka wa ordinatar riga ta farin yadi, aka ba ta ɗaki mai sanyi ita kaɗai, ma'aikata na jiƙe da gumi a baranda suna leƙenta ta taga. Kafin zuwansa, in aka ce a kawo sunaye don rabon gidan sauro, har mutanen da aka binne tun zamanin fari sai sun fito sun karɓi nasu, don mai ɗaukar suna a zaure ɗaya yake zama a karanto masa gari kaf. Mahaman ya toshe wannan ƙofa da doka guda, ya rubuta ta da jan bik ya manna a bango: ma'aikaci zai rubuta abin da mai takarda ya faɗa da bakinsa ne kawai, a gaban maigari, sannan a dangwala yatsa. Matattu suka koma makwancinsu. Daga Yamai aka aiko masa da wasiƙar yabo, ya sa ta a gilashi ya rataye saitin ƙofa, inda mai shigowa ba shi da yadda zai yi ya kauce mata.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan doka shi ne Bala, mai zagaya ƙauyuka a kan moto, wato babur, da jakar takardu. Bala dattijo ne, ya girmi Mahaman, ya san kowane gida daga nan har bakin iyakar Najeriya. Wata rana ya cike wa wata kurma sunan ƙauyensu da kansa, tunda a ƙauyen ya same ta zaune. Mahaman ya tara ma'aikata a baranda, ya ɗaga takardar sama, ya yi wa Bala wankin babban bargo, sannan ya sa shi ya koma ya sake takardu arba'in cikin zafin bazara. Bala ya karɓi takardun ya hau moto. Ya sake su tsaf, ya kawo, ya ajiye abin a ransa.

Ana haka, a farkon 1997, labari ya zo cewa wasu likitocin ido baƙi za su sauka Maraɗi na kwana goma su cire wa mutane yanar ido, kuma furojen ne zai tattara sunayen masu buƙata. Ranar Juma'a ta ƙarshen wata za a rufe, wanda bai shiga ba sai dai ya jira wani zuwan, in akwai. Mahaman ya ji labarin nan har cikin ƙashinsa, domin shekara uku ke nan da yanar ta rufe idanun Hasiya duka biyu. Inusa ya rasu, ƙannen Mahaman mata biyu suna aure can ƙetaren iyaka. Tsohuwar da a da take tsince tsakuwa daga kwanon wake tana hira, yanzu igiya aka ɗaura mata daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida tana bi da hannu. Yana son uwarsa, wannan ba mai musu, kuma duk zuwan da zai yi Gabi sai ya dawo bai iya cin abinci ba.

Ya zauna ya zana takardar masu ciwon ido da gurbi tara. Takwas na farko ba su da wata matsala. Na tara shi ne sunan ɗan rakiya, kuma dalilinsa mai kyau ne, don wanda aka yi wa aiki aka naɗe masa ido dole a san wanda zai riƙe masa hannu ya kai shi gida. Sai dai Mahaman ba ya yin abu rabi. Ya ce cikakken suna ake so, kamar yadda yake a rajistar arondisman, kuma ya umarci injin da ya tofar da duk takardar da sunan bai dace da na rajista ba. Ya aika zanen Yamai, aka buga masa hatimi, har aka ce in ya yi kyau za a kira shi ya koya wa sauran arondisman. Mutumin da aka haifa a Gabi, wanda ya tashi a ɗakin Hasiya, ya zana wannan gurbi da hannunsa bai ji ko ɗar ba.

Takardu suka fara dawowa, Balaraba ta fara bugawa, inji ya fara kuka. Tana buga ɗaya ya yi ƙara, ta buga ta gaba ya sake. Kafin la'asar ta tara guda sittin da uku a gefe, kusan duka na tsofaffin mata, ta ɗauka ta dire a gaban Mahaman. Ya bi gurbi na tara da yatsa. Wata ta ce Maigida. Wata ta ce Baban Ladi. Wata ta ce yaron nan, wata ta ce wancan, wata kuma shi kawai ta ce, Bala ya rubuta shi ɗin da kyakkyawan rubutu har da ɗigo. Wa zai raka tsohuwa asibiti in ba mijinta ko babban ɗanta ba? Su ne kuwa mutum biyun da bakinta ba zai kama sunansu ba ko za a yanka ta. Can wajen tsakiyar tarin ya ci karo da takardar Gabi: Hasiya, matar marigayi Inusa, ido biyu. A gurbi na tara an rubuta Ɗan Baba.

Balaraba mace ce mai gajeren zance. Ta ce a buɗe injin a cire wa gurbin nan dole, ko a yarda maƙwabciya ta faɗi sunan, aikin minti goma ne, ita ma ta ga yadda yake yi. Mahaman ya dube ta ta saman tabarau ya ce tsari ba zane ba ne da za a kwance a sake ɗaurawa a tsakar kasuwa. Abin da Yamai ta buga wa hatimi, sai an rubuta wa Yamai kafin a taɓa shi, kuma rubuta wa Yamai yana nufin a ce an yi kuskure. Wannan kalma ta ƙarshe bai furta ta ba, shi ma yana da sunan da bakinsa ba ya kamawa. Ya je wurin darekta. Abdoul Aziz yana shan shayi, ya ce shi dai ranar Juma'a ya ga takarda a kan teburinsa, yadda aka yi aka haife ta ba ruwansa.

Saura hanya ɗaya, ya ɗauki bik ya soke Ɗan Baba ya rubuta Mahaman Inusa da kansa. Har ya zaro baƙin bik ɗin. Ɗaga kan da zai yi sai ya ga Bala jingine a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin dokar nan ta jan rubutu, yana sakace.

"Ni dai abin da baki ya hwaɗi shi na rubuta, Mushe," in ji Bala cikin ladabi. "In da gyara, sai mu koma Gabi. Moto na da mai."

Ranar Laraba da hantsi suka isa, Bala na tuƙi, Mahaman a baya rungume da jaka. Suka biya suka ɗauki maigari, tunda doka ta ce a gabansa. Ganin maigari da moto ya sa matan unguwa suka biyo baya, kafin a shimfiɗa tabarma tsakar gidan ya cika. Hasiya na zaune a ƙofar ɗaki, ƙawarta Ladi a gefenta, hannunta na dama naɗe da tsumma inda ta ƙone garin laluben murhu. Da ta ji muryarsa sai ta juyar da fuska gefe kamar yadda ta saba, ta ce a kawo wa baƙi ruwa, ta kuma raɗa wa Ladi cewa akwai gyaɗa soyayya a cikin tukunyar da ke bayan ƙofa, a ba Ɗan Baba.

Mahaman ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya buɗe jaka, muryarsa ta koma ta biro. Ya yi bayanin likitoci, da ranar Juma'a, da injin da ba ya gane kowa sai da sunan rajista. Ladi ta ce in dai wannan ne ai da sauƙi, ita za ta faɗa, Hasiya ta gyaɗa kai. Mahaman ya ji sanyi a ransa, har ya cire murfin bik. Bala ya yi gyaran murya ya tuna wa jama'a, ba tare da ya kalli kowa ba, cewa akwai wata kurma da aka taɓa sake wa takardu arba'in saboda abin da bai kai wannan ba. Maigari ya ce lallai ya tuna, a ƙauyen surukansa aka yi. Mahaman ya mayar da murfin.

"Inna," ya ce, "suna ɗai za ki hwaɗi. Sau guda."

Ladi ta riƙe haɓa ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ɗa ya tara wa uwarsa gari don ya tuɓe mata zane ba, kuma in karatun lakwal ke nan to Allah ya kyauta. Hasiya ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta ce ba komai, a bar takardar. Ta ga duniya iyakar gani, ta ga auren 'ya'yanta, igiyarta kuma ta san hanya. Ta faɗi haka ba fushi ba kuka, har tana ƙara tambaya ko an kawo gyaɗar.

A nan ne ya kamata mutum mai hankali ya naɗe takardarsa, ya hau moto, ya je ya yi aikin minti goma. Mahaman ya san haka, don ba jahili ba ne. Amma maigari na kallo, Bala na kallo, wasiƙar gilashi kuma tana can rataye tana jiransa. Sai ya ɗauko makamin da ya san ba ya kuskure. Ya sassauta murya ya ce ba don idonta kaɗai ba ne. In aka ji a Yamai cewa tsarin da ya zana ya kasa ɗaukar mahaifiyarsa, dariya za a yi masa, kiran da aka yi masa alkawari zai sha ruwa, wataƙila ma aikin gaba ɗaya. Rabin maganar ƙarya ce, kuma ya san rabin da yake ƙarya. Na daɗe ina jin labarin rashin kirki iri-iri, amma wannan yana cikin waɗanda suka fi tsaya mini a rai, don da ƙaunar da take masa ya ɗaure ta.

Hasiya ta juya wajen Ladi, ba wajensa ba, ta tambaye ta, wai da gaske aikin yaron ga zai taɓu? Ladi ta kau da kai. Tsohuwar ta ce mata su ɗan matsa. Suka matsa taku biyu, iyakar abin da son jin labari ya bari. Ta ja mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya, ta juya ta fuskanci bango, ita da ba ta ganin bangon ma.

"Mahaman," ta ce. Ta tsaya. "Mahaman na Inusa."

Shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, ranar ya fara jin sunansa a wannan murya. Yana yaro ya sha kwanciya yana tunanin yadda zai ji in ta kira shi, ya ɗauka daɗi zai ji. Abin da ya ji shi ne kunya. Ya kasa rubutawa, sai Bala ne ya karɓi bik ɗin ya rubuta, kuma shi ma tsinken sakacen ya fita daga bakinsa, don ramuwar ta wuce inda ya nufa. Matan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Maigari ya tuna yana da baƙi. Aka kamo yatsan Hasiya ta ƙarƙashin mayafi aka dangwala, ba ta buɗe fuskar ba har suka fita. Gyaɗar tana nan a faifai inda Ladi ta ajiye.

Ranar Alhamis Balaraba ta buga takardar, inji ya karɓa shiru kamar ba shi ne mai kuka ba. Sauran sittin da biyun aka bar su a kwali. Ranar Juma'a Mahaman ya shige biron darekta yana gyara wasiƙar da za ta raka jerin sunaye, wadda ta bayyana hikimar tsarin a shafi uku, Balaraba kuwa ta tayar da injin bugawa ya yi ta ƙara har ya gama, ta naɗe jerin ta sa a ambulan.

Bayan sati biyu ya kai uwarsa Maraɗi. An kafa rumfuna a filin wata makaranta, tsofaffi jere a kan tabarmi, wata ma'aikaciyar jinya mai ƙiba tana kiran suna daga takarda. Da ta zo kan Hasiya, Mahaman ya matsa ya leƙa ta kafaɗarta, don ya ga aikinsa a hannun ƙwararru. Ya ƙirga gurabe. Takwas. Ya sake ƙirgawa da yatsa, har matar ta harare shi. Ashe faffaɗar takardar inji ta ƙare tun watan jiya, aka sa siririya, gurbi na tara ya faɗa bayan gefe bai fito ba ko harafi ɗaya. Ba wanda ya lura a Madarunfa, ba wanda ya nema a Maraɗi.

"Wa ya rako tsohuwa?" in ji matar.

Mahaman ya fara bayanin cewa sunan yana cikin faifai, da lambar takarda, da shaidar maigari. Ta ce ita ba ta tambaye shi tarihi ba, in shi ne ya ɗaga hannu. Ya ɗaga hannu. Ta ce to ya riƙe mata takalma.

Yana tsaye da takalman uwarsa a hannu ya hango amalanken jaki uku suna shigowa filin, Bala a gaba a kan moto yana tafiya a hankali. Matan kwali ne, waɗanda suka iya zuwa. Bala ya bi su gida-gida ya ce su zo kawai a gwada. Likitocin suka haska musu fitila a ido, suka ga yana, suka ce su bi layi. Ba a tambayi ko ɗaya sunan mijinta ba.

An yi wa Hasiya aiki, ya kuma yi kyau. Da Mahaman ya koma biro ranar Litinin, ya jira kowa ya fita salla, ya cire wa ordinatar rigarta, ya gyara gurbi na tara ta yadda kowa na gida ko maƙwabci zai iya faɗin sunan. Balaraba ta yi ƙarya da ta ce minti goma, bakwai ya ɗauka. Bai rubuta wa Yamai ba, Yamai ma ba ta taɓa tambaya ba. An kira shi kamar yadda aka yi alkawari, ya je ya shimfiɗa naɗaɗɗiyar takardarsa a gaban manya, aka tafa masa. Waɗanda suka yi aiki da shi daga baya sun ce ya canza ta wuri ɗaya, ba ya zana sabuwar takarda sai ya ba Bala ya kai ƙauye an gwada ta a kan tsofaffi, kuma in Balaraba ta yi magana yakan cire tabarau ya saurara. Sauran halin kuwa yana nan, har yau in ka gaishe shi sai ya dakata.

Sai da aka yi wata guda da kwance mata bandeji sannan ya iya tattara ƙarfin zuwa Gabi. Ya tafi shi kaɗai a motar kasuwa, ba jaka, ba bik ko ɗaya. Ya same ta a tsakar gida da kwanon wake a cinya tana tsince tsakuwa, an kwance igiyar an ɗaure akuya da ita. Ya yi sallama. Ta ɗago ta dube shi, tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun haihuwarsa. Ta tashi da kanta ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa baƙi na nesa, ta shimfiɗa masa a inuwa. Ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ta gaishe shi da hanya, ta tambayi aiki, ta tambayi manyansa na biro, ta yi godiya a kan ɗawainiyar da aka yi da ita, ta ce a isar wa likitoci. Duk abin da ya kamata a yi wa ma'aikacin gwamnati in ya shigo gidan talaka, ta yi shi ba ta rage komai ba.

Ya zauna yana juya murfin kwanon, yana jira ta juyar da fuska gefe, ko ta yi wa wani magana a kansa a ciki-ciki. Ba ta yi ba. Ta koma kan wakenta, ta tsince tsakuwa biyu ta jefar, sannan ta sake ɗagowa.

"Akwai sauran takarda ne?" ta ce.

Ya ce babu. Ta ce to madalla, ta ci gaba da tsintar wakenta.